Zoɓo Ba Sai Da Sukari Ba

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi kira ga masu sayar da abinci su daina kashe zoɓo da sukari da filebo. Daɗinsa yana cikin tsaminsa da ɗan ɓaurin da yake bari a harshe, musamman mai duhun ja irin wanda ake kaiwa kasuwar Maigatari.

A wanke ƙasar busasshen zoɓo kofi 2, a zuba a ruwa lita 3 da citta yatsa ɗaya da kanumfari 6. Minti 10 bayan tafasa a sauke. In ya daɗe, ɓaurin ya yi yawa. A guji tukunyar alminiyam, tsamin yana cinta har a ji ƙarfe a baki. Kanwa kuwa kashe tsamin take, ta dusashe jan.

Irin wannan shi ne abokin balangu da tsire, domin yana wanke maiƙon da ke daskarewa a dasashi. In yajin ya yi zafi, a rage citta. Kada a haɗa shi da madara, tsinkewa take. Wanda ya kwana biyu cikin zafi har ya soma kumfa, a zubar.

Mai karatunku,
daga Haɗeja