Zuwa ga mutumina na Kassala, kan maganar ofdet ɗin nan

Assalamu alaikum mutumina, ya zol ya kake, ya Kassala ya iyali ya jikin Inna, Allah ya sa ƙafar ta yi sauƙi. Mu nan Makka lafiya lau sai zafi da cinkoson masu umra, Sharamansur na nan yadda kake jin labarinta, in ka rufe ido ka saurari hirar bakin titi sai ka rantse a Kano kake.

Na saurari muryar da ka turo har sau biyu, wai laftof ta dame ka da saƙon Windows 10 ya ƙare, kuma wani yaro a kasuwa ya ce ka kawo ya toshe maka ofdet, wato sabuntawar da kwamfuta ke saukewa, gaba ɗaya ka huta. Dan Allah kar ka kai masa tukuna, bari in ba ka labari.

Azumin da ya wuce, goman ƙarshe, bayan la'asar shago cike kowa da takardar da zai buga kowa bakinsa ya bushe, wani dattijo ya miƙo min fasfo wajen ashirin na mutanen da ya kawo umra a yi masa kwafi da jerin sunaye, ina juyawa kenan sai kwamfutar kan tebur ta yi shuɗi wai tana sabuntawa kar a kashe. Ta hau 30 cikin ɗari ta tsaya cak, ɗigogin nan suna ta zagaye kamar masu ɗawafi. Dattijon ya leƙo ya kalli allon ya kalle ni ya ce yaro ita ma azumin take ne? Kowa ya yi dariya banda ni. Sai dab da magariba ta dawo, rabin mutane sun tafi shagon maƙwabci. Kuma wallahi laifina ne, sati nawa tana tambayata ina danna anjima anjima kamar mai bashi ya biyo ni, ranar dai ta ƙi jin anjima.

Tun daga nan na fara lura da masu shigowa shagona, nan tahdis suke ce wa ofdet, kuma daga yadda mutum ya furta kalmar za ka gane wace na'ura yake riƙe da ita. Mai Windows da tsaki yake faɗa. Ban ga laifinsu ba kuwa, ka tuna 2015 da Windows 10 ya fito yadda aka riƙa tura wa masu Windows 7 saƙo ba dare ba rana, wasu suka wayi gari suka tarar an sauya musu, sannan a Oktoba 2018 aka saki wani ofdet da ya goge wa wasu mutane fayil ɗinsu har Microsoft da kansu suka janye shi. Wanda maciji ya taɓa sara ai in ya ga tsumma ma gudu yake.

Masu Mac kuma nasu daban, irin yardar yaro da uwarsa, ya danna ya jona caji ya kwanta. Amma akwai wani mai zanen allunan shaguna da ke zuwa wurina, shi tun 2019 da ofdet ɗin Mac mai suna Catalina ya daina buɗe tsofaffin manhajoji masu 32-bit ya zama sai ya bari wasu sun fara shiga ruwan ya ga zurfinsa, wata shida ma yana iya yi bai taɓa ba. Matan gidanmu kuwa har gobe sun yi imani ofdet rage wa waya ƙarfi yake don a sayi sabuwa, in ka musa sai su tuna maka ai a ƙarshen 2017 Apple sun amsa da bakinsu cewa suna rage gudun tsofaffin iPhone masu gajiyayyen batir. To me za ka ce.

Wanda ya fi ba ni mamaki yaron da ke taya ni aiki ne da yamma, ɗalibi a Ummul Ƙura, shi Linux yake amfani da shi a madadin Windows. Yaron nan yana buɗe laftof kafin ya sha shayi sai ya buɗe baƙin allon nan ya rubuta layi biyu, rubutu ya yi ta zuba yana kallo yana murmushi, kullum kamar azkar ɗin safe. Na ce kai ba ka tsoro? Ya ce tsoron me, ni na kira shi ai, ina ganin sunan duk abin da zai shigo, kuma ba za ta kashe kanta ba sai na ce. Maganarsa ta tsaya min a rai. Abu ɗaya ne fa ake ba mu duka, toshe ramuka da gyaran kurakurai, amma shi baƙonsa da sallama yake shigowa mu namu ta katanga yake dirowa muna tsakiyar cin abinci, shi ya sa shi yake marhabin mu muke neman sakata.

Sai dai mu ma ƴan Sudan abin dariya ne, ka tuna zamanmu a Suƙ al-Arabi lokacin takunkumin Amurka kafin a ɗage a 2017, yadda muke bin VPN muna kwana kan saukar da abu ɗaya, wanda ya samu sabon fayil a filash ya zama sarki ranar. Da aka hana mu muna kuka, yanzu ana bin mu da shi har gida muna ɓuya hhh.

Yaron kasuwar nan da zai toshe maka, ka tambaye shi ko ya san cutar kwamfutar nan WannaCry. Ranar 12 ga Mayu 2017 abin ya ɓarke ya shiga ƙasashe wajen 150, ya kulle wa mutane fayil yana neman dala 300, asibitocin Ingila har sai da suka riƙa mayar da marasa lafiya gida, alhali maganin ramin da ya bi ya fito tun watan Maris, wata biyu yana zaune ba a saka ba. Na san zai ce to ai 19 ga Yuli 2024 ofdet ne ya kwantar da kwamfuta wajen miliyan 8.5 jirage suka kasa tashi, gaskiya ne, amma wannan na kamfanin tsaro na CrowdStrike ne kuma manyan ma'aikatu ya fi shafa, irin laftof ɗinka babu shi a ciki. Duka biyun ranar Juma'a suka faɗo, ni dai na rasa me Juma'a ta yi musu.

Abin da nake yi yanzu, Talata ta biyu a kowane wata Microsoft suke sakin nasu ofdet, agogon nan wajen isha'i yake isowa, sai in bar shi kwana biyu in ji ko duniya ta yi ihu, daren Alhamis na kwafe aikin mutane a filash na danna da hannuna na rufe shago, safiyar Juma'a dama ba ciniki. Kai matsalarka wuta da data ne na sani, to ka shiga saitin wayfay ka nuna masa layinka na awo ne zai rage jan manyan kaya a ɓoye, akwai kuma wurin dakatarwa har sati biyar. Abu ɗaya dai, kar ka soma sai batir ya cika ko rana ta buɗe sola na ja, don in ta mutu a tsakiya nan ne ake kuka.

Maganar ƙarewa kuma gaskiya ce, tun 14 ga Oktoba 2025 suka daina ba Windows 10 gyaran tsaro na kowa da kowa, sai ƙarin shekara ɗaya da suka sanar a 2025 ga wanda ya yi rajista, in har yanzu ka ga wurin rajistar a saitinka ka yi. Ita laftof ɗin ba za ta mutu ba, tana nan tana aiki, ƙofa ce dai aka daina gyara wa kuba. Windows 11 kuma in ban manta ba ƙwaƙwalwar laftof ɗinka i5 ce ta zubi na shida, su ta takwas zuwa sama suke so da wani abu TPM 2.0, za a iya cusa mata ta bayan gida amma ni ban so maka. Tunda aikinka rubutu ne da intanet na ce yaron shagona ya zuba maka wani nau'in Linux mai suna Linux Mint a filash, za ka iya kunna ta daga filash ɗin ka gwada ba tare da ka goge komai ba, in firintarka ta yarda da shi shikenan.

Akwai mai tahowa ta Port Sudan ƙarshen wata zan ba shi filash ɗin da dabinon Inna da man zafin da ta ce. Ka ɗauko min hoton takardar da ke manne a ƙasan laftof ɗin in tabbatar da lambar. Ka gaida maiɗakinka da yara, ka ce wa autanka ban manta alkawarin agogo ba.

Naka,
mutuminka na Sharamansur