Kafin Ka Sa Hannu a Takardar Bashin Nan

Assalamu alaikum, ɗana.

Ina fata kuna lafiya kai da iyalinka. Mu nan Zariya lafiya lau, sai ƙafar mahaifiyarka da ta motsa da damina, ita ma da sauƙi.

Ƙanwarka ce ta kawo mini maganar, kuma kada ka yi mata faɗa, ni na matsa mata. Ta ce ka karɓo fom ɗin bashi a banki, za a riƙa cira daga albashinka, don ka sa Ummi a makarantar kuɗin nan ta kusa da ofishinku, mai motar ɗaukar yara. Ta kuma faɗa mini abin da ka ce ranar suna a gidan kawunka, wai 'yarka ba za ta zauna a ƙasa kamar yadda ka zauna ba. Kwana uku maganar tana cina. Sau biyu ina ɗaukar waya ina ajiyewa, don na san in na ji muryarka zan faɗi abin da ban shirya ba.

Ba zan musa maka ba, makarantar gwamnati ta lalace, kuma a idona ta lalace. Na kama alli a 1976, shekarar da gwamnatin Obasanjo ta buɗe shirin UPE na ilimin firamare kyauta ga kowa, yara suka ɓarko kamar an fasa madatsa. A ƙarƙashin darbejiya na fara koyarwa, allo jingine da gindinta. Amma sufeto yana zuwa, ya duba rajista, ya tsayar da yaro ya ce karanta mini nan. A 1999 aka ƙaddamar da UBE, wato ilimin matakin farko na bai-ɗaya, a Sakkwato, a 2004 aka yi mata doka: shekara tara kyauta kuma dole. Dokar tana nan a takarda, aji kuwa ka tarar da yara sun haura ɗari a gaban malami ɗaya. A 2017 gwamnatin jiharmu ta yi wa malaman firamare jarrabawar 'yan aji huɗu, aka ce sama da dubu 21 sun faɗi. Daren da na ji a rediyo ban iya cin tuwo ba. Don haka ban ce ka rufe ido ka jefa ta inda ka ga dama ba.

Bashin ne ya hana ni barci.

Akwai wani yaro a layinmu, ka san gidansu. Ubansa ya sa shi makarantar kuɗi lokacin da kasuwa ke ci. Da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, makarantar ma ta ƙara kuɗi. Ina zaune a dakali wajen ƙarfe tara na safe sai in gan shi yana dawowa, yunifom a goge, farar safa, jaka a baya, kansa a sunkuye. An karanto sunansa a taron safe an ce ya tafi gida sai ya kawo kuɗi. Ba ya shiga gida. Bayan masallaci yake raɓewa har a tashi, ya biyo sahun yara kamar daga makaranta yake. Rannan na kira shi na ba shi ruwa, hannunsa na rawa har ruwan ya zuba a rigarsa. Cikin shekara biyu an sauya masa makaranta uku, kowace ta fi ta baya araha, yanzu ko baki ba ya son buɗewa a gaban mutane.

Duk sanda na rufe ido Ummi nake gani a bayan masallacin nan. Yarinyar da ko kallon banza aka yi mata sai ta ƙi cin abinci, ita za a kira sunanta a gaban yara ɗari uku? Firamare shekara shida ce, zango goma sha takwas, ban da kuɗin littafi da na mota da na bikin ƙarshen shekara. Ka ci bashi don zangon farko, na biyu fa? Ga ƙaninta yana tafe. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya.

Kuma kada ka yi wa rogo kallon kitse. Akwai makarantun kuɗi na ƙwarai, na sani. Amma da yawansu gida ne mai ɗaki huɗu aka yi wa fenti, malaman ko takardar shaidar malanta ta NCE ba su da ita, albashinsu bai kai mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 ba. Wanda ya samu abin da ya fi sai ya tafi, yaro ya ga malami uku a zango ɗaya. Kowa a ba shi maki tamanin don kada uba ya cire shi. Sun sha kawo mini irin yaran nan, bakinsu Turanci rangaɗaɗau, ka ba su layi biyu na Hausa ko na Turancin su karanta, sai ido.

Batun zaman ƙasa kuwa, ka ji ni da kyau. Ka zauna a ƙasa, gaskiya ne. Ku bakwai ne, ana yin wata uku ba albashi, amma ba wanda aka taɓa korowa saboda kuɗi, ba kuma wanda ya taɓa zuwa ƙofar gidan nan yana mini sallamar bashi. Wa yake zaunar da kai bayan magariba da fitilar ƙwai yana bin littafinka layi-layi? Da wane karatun ka ci jarrabawar shiga sakandare? Ka iya faɗin wannan magana a cikin taro, gaban surukanka, ina raye. Ina zargin ba don Ummi kaɗai kake yi ba, abokan aikinka kake kallo. In haka ne ka ji tsoron Allah, kada ka sa yarinya 'yar shekara shida ta ɗauki nauyin kunyarka.

To, na faɗa, ya wuce. Na san son ta ne ya kai ka, ni ma da ina da hali a lokacin da na saya maka benci.

Ga abin da nake roƙo. Ka ɗauki hutun kwana ɗaya, ku je da matarka ku ga makarantu uku ko huɗu, har da ta gwamnatin unguwarku, ba tare da sanarwa ba. Ku wuce ofishin hedimasta ku leƙa aji uku. Ka karɓi littafin yaron da ke layin baya, ka ga ko jan biro ya taɓa shi a makon nan. Ka tambayi malamar shekararta nawa a wurin. Matarka ta duba ban-ɗakin 'yan mata. In ka samu ta kuɗi wadda za ka iya biya daga albashi ko da wata ya zo da gardama, bismillah. In ta gwamnati ce, ka shiga ƙungiyar iyaye da malamai, ka nemi mai yi mata darasin yamma kafin Islamiyya, sauran ka zauna da ita da kanka.

Ranar Juma'a zan shigo Kaduna kan maganar fansho, zan kwana a wurinku. Kada ka sa hannu a komai kafin nan. Mahaifiyarka ta ƙulla wa Ummi ƙuli-ƙuli, ni kuma na nemo tsohon allon da ka fara rubutu a kai, ka ce mata ta tanadi abin da za ta karanta mini.

Allah Ya yi muku albarka.

Mahaifinka.