Koke Kan Bambancin da Ke Tsakanin Ƙananan Sakandare Biyu na Garinmu

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
ta hannun Dagaci da masu unguwanni.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwar ban girma, mu iyayen yara na unguwannin yamma da kasuwa muka kawo kukanmu gabanka, domin kai ne uban ƙasa.

Ƙananan sakandare biyu gwamnati take da su a garin nan: ta gabas, da tamu ta bayan tasha. Manhajarsu ɗaya, kuma jarrabawar BECE ɗaya ke jiran yaran a ƙarshen aji uku. Amma duk wanda ya leƙa su biyun zai rantse ba gari ɗaya suke ba.

Ta gabas tana da malamin lissafi, da na Turanci, da na kimiyya, kowa da darasinsa, yara kuma a kan benci. Ba hassada muke yi ba, su ma 'ya'yanmu ne. A tamu kuwa, tun da aka yi wa malamin lissafi canjin wurin aiki ba a turo madadinsa ba, malamin Hausa ne ke riƙe da darasin. Yana iya bakin ƙoƙarinsa, Allah ya saka masa, amma ba fanninsa ba ne. Iska ta yaye kwanon 'yan aji ɗaya tun daminar bara. Da idonmu mun gan su zaune a kan buhunan taki da suka ɗauko daga gida, littafi bisa gwiwa, da hadari ya haɗo sai a tashe su. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce ɗalibai 35 ga malami guda a ƙaramar sakandare, namu sun ninka haka.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne 'yan mata. Babu banɗakinsu, babu ruwa. Yarinya ta fara girma, in ta tafi gida lokacin tara ba ta komawa, a hankali sai ka gan ta da farantin talla a tasha. Mai hali ya nema wa ɗansa gurbi a gabas, talaka ya zuba ido.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ba kowane yaro shekara 9 na karatu kyauta kuma dole, daga firamare har ƙarshen ƙaramar sakandare. Ba ta ware unguwa ba.

Roƙonmu, ranka ya daɗe, ka tako da ƙafarka ka gani, ranar karatu, ba tare da sanarwa ba. Sannan ka isar da maganar ga sakataren ilimi da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, a raba malamai daidai, a turo mana na lissafi da na kimiyya a wannan zangon. Mu ma ba mu naɗe hannu ba: kwamitin al'umma mai kula da makarantar, wato SBMC, ya fara haɗa gudunmawa, magina da kafintocinmu sun yi alkawarin aiki kyauta. Kwano, katako da siminti muke nema kafin ruwan fari ya sauka.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya.

Naka masu biyayya,
Iyayen ɗalibai, unguwannin yamma da kasuwa.