Koke Kan Kujerar Kansilanmu Da Ke Tsare

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma,
Ta hannun Mai Unguwa,
Jos, Jihar Filato.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu dattawa, malamai, 'yan kasuwa, mata da matasan mazaɓarmu ne muka rubuto wannan koke a kan kansilanmu, wanda kotu ta ba da ajiyarsa a gidan gyaran hali yana jiran shari'a. Ba wanke shi muka zo yi ba, wannan aikin alƙali ne. Abin da ya hana mu barci shi ne raɗe-raɗin cewa za a raba shi da kujerarsa, wai don ya daina halartar zaman majalisa. Mutumin da aka kulle wa ƙofa ta waje, ta ina zai halarta?

Sashe na 36(5) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma mara laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa. Sashe na 7 kuma ya ba da tabbacin cewa zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙananan hukumomi. Mu muka fito cikin sanyin safiya muka bi layi muka dangwala masa, saboda haka duk abin da ya taɓa kujerar nan, ƙuri'armu ya taɓa.

Ba yau farau ba. A 2003 Iyiola Omisore yana tsare a gidan yarin Agodi da ke Ibadan ya ci zaɓen sanata, ya kuma shiga majalisa. A 2007 Theodore Orji yana tsare aka zaɓe shi gwamnan Abiya, aka ba da belinsa, aka rantsar da shi. In an yi wa sanata da gwamna wannan uzuri, bai kamata a ce kansila, don shi ƙarami ne, a yi masa gaggawa ba. Hatta 'yancin jefa ƙuri'a, Babbar Kotun Tarayya da ke Benin ta tabbatar wa fursunoni shi tun 2014, ko da yake har yau ba mu ga akwatin zaɓe ya shiga gidan yari ba.

A halin yanzu mazaɓa ta zama marainiya. Famfon burtsatsenmu ya lalace, yara na tura baro ɗauke da jarkoki zuwa wata unguwa kafin su tafi makaranta. Kwalbatin da ke bakin masallacin Juma'a ya toshe, ga damina na tafe. Takardun waɗannan ayyuka duk suna hannunsa, ba mai bin sawunsu. Shari'ar kuwa kullum aka je sai a ɗage.

Muna roƙon ka sa baki majalisar kansiloli ta ɗauki rashin zuwansa a matsayin uzuri, kada a taɓa kujerar sai kotu ta yanke hukunci. Muna kuma roƙon a nemi izinin hukumar gidan gyaran hali domin wakilanmu su riƙa kai masa takardu yana sa hannu, sannan a ɗora wa wani kansila na maƙwabta gabatar da buƙatunmu a zauren majalisa na wucin gadi. In har kotu ta same shi da laifin da doka ta ce yana raba mutum da muƙami, ba za mu ja ba. Sai dai a sa hukumar zaɓe ta PLASIEC ta shirya mana zaɓen cike gurbi, kada a naɗo mana wani daga sama.

A shirye muke mu turo dattawa su gana da kai duk ranar da ka sa mana.

Allah Ya ƙara wa mai girma lafiya.

Mu ne naka,
Al'ummar mazaɓa, da sa hannun wakilan dattawa, mata da matasa.