Hawa kujerar shugabanci daga zauren haɗa jirgi

Malam Edita,

Ana yawan yabon matan da suka kai ƙololuwa a masana'antar ƙera jiragen sama, irin su Marillyn Hewson da ta shugabanci kamfanin Lockheed Martin na Amurka daga 2013 zuwa 2020, amma ba a cika nuna wa masu tasowa tsanin da ake takawa ba.

Inda ake yin tuntuɓe shi ne a tura injiniya mace sashen kula da ma'aikata ko hulɗa da jama'a, ta daɗe can, ranar naɗi a ce ai ba ta taɓa riƙe layin haɗa jirgi ba. Don haka tun da wuri ta nemi zauren aiki. Ta jagoranci rukunin makanikai, har da aikin dare, ta zauna sashen duba inganci, ta san ƙa'idar AS9100, wato ma'aunin tabbatar da inganci na masana'antar jiragen sama, kamar yunwar cikinta. Sannan ta karɓi shirin ƙera jirgi wanda ribarsa da asararsa da wa'adinsa duk suke wuyanta.

Ga dalilin da ya sa sashen ingancin yake da nauyi. A Janairun 2024 murfin wata ƙofa ya fice daga Boeing 737 MAX 9 yana sama. An cire notoci huɗu da ke riƙe murfin lokacin wani gyara a zauren haɗa jirgin, ba a mayar ba, kuma ba a rubuta cirewar ba, balle mai dubawa ya sake bi ta kai. Tsayar da layi saboda takarda guda, alhali wa'adi ya ƙarato, aiki ne da sai a zauren ake koyonsa. A watan Maris ɗin shekarar aka damƙa wa Stephanie Pope ragamar sashen jiragen fasinja na kamfanin Boeing, ko da yake ita ta ɓangaren kuɗi ta biyo.