Sanarwa: karrama kocinmu

Assalamu alaikum ƴan'uwa.

Ranar Asabar bayan la'asar za mu haɗu a Murtala Square, inda muke atisaye. Maganar karrama kocinmu ce, mutumin da ya daɗe yana riƙe mana agogo da usur cikin sanyin hunturu, ba ko sisi.

Hukumar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya, da aka kafa a 1912, sai a 2012 ta buɗe zauren karrama gwarazanta, irin su Abebe Bikila na Habasha da ya lashe gudun fanfalaki a Rum a 1960 ba takalmi. Mu kam ba za mu jira shekara 100 ba.

Kowa ya tura wa ma'aji naira 2,000 kafin Alhamis. Mai tsohon hotonsa ya taho da shi. Don Allah kada a tsegunta masa.

Allah ya bar zumunci.