Wasiƙa zuwa ga abokina kan matse murya

Assalamu alaikum, abokina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Na saurari kashi na uku na fodkas ɗinka har sau biyu, sannan na ga tambayarka kan manhajar da ta fi iya matse sauti. Bari in fara raba maka kalmar gida biyu, don ni ma na daɗe ina cakuɗa su.

Akwai matsin da ke rage tazara tsakanin inda murya ta yi ƙarfi da inda ta yi rauni, wannan aikin kwamfuresa ne. Akwai kuma matsin da ke rage nauyin fayil, irin na MP3. Ciwon shirinka na farkon ne. Baƙonka yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai gulma, sai in ƙara sauti, kai kuma ka tuntsire da dariya ka kusa fasa mini dodon kunne.

Na fara da Audacity, wadda kyauta ce tun fitowarta a 2000. Kwamfuresarta ta isa aikin murya, musamman daga siga ta 3.6 ta 2024, inda kana murɗawa kana jin canjin nan take. Kana sa mata iyaka, duk abin da ya haura sai ta danne shi. In ka zaɓi 3:1, muryar da ta wuce iyakar da dB 9 (dB ma'aunin ƙarfin sauti ne), uku kawai za su fita sama da iyakar. Nan na tafka kuskurena. Ganin abin yana aiki, sai na kai shi 8:1, na kuma ɗaga ƙarar gaba ɗaya. Wallahi har numfashina da ƙugin fankar ɗaki suka fito tamkar su ne baƙin shirin. Kwamfuresa ba ta san murya ba, ba ta san hayaniya ba. In ka danne sama ka ɗago ƙasa, duk tarkacen da ke ƙasan zai biyo. Yanzu ba na wuce 3:1, kuma ina lura kada abin da take dannewa ya haura dB 6.

ReaComp, kwamfuresar da ke cikin manhajar gyaran sauti ta Reaper, ta fi ba ka iko kan saurin kamawa da saurin saki, tana kuma nuna maka abin da take cinyewa. Tana da kyau, amma sai mai haƙurin koyo, kuma na san ka.

Abin da nake ganin ya dace da kai shi ne Auphonic. Kana ɗora fayil ta intanet, ita ta gane masu magana, ta ɗaga mai sanyin murya, ta sassauta mai amo, ta rage hayaniya. Tana ba da awa biyu kyauta kowane wata. Dalilina shi ne, mutum biyu masu ƙarfin murya daban ba matsalar kwamfuresa ba ce tun asali. Daidaita su ake yi tukuna, kowa a layinsa in da hali, kafin a matse. Illarta ɗaya, wani lokaci takan ɗago shirun da ka bari da gangan, don haka ka saurara kafin ka saki. Wajen ƙarar ƙarshe, wadda ake aunawa da ma'aunin LUFS, Apple Podcasts na son -16 LUFS, Spotify kuma -14. Ni -16 nake sawa in huta.

Batun nauyin fayil kuwa lissafi ne kawai. Awa guda ta WAV, wato fayil ɗin sautin da ba a matse ba, mai layi ɗaya (mono) takan haura MB 300. In ka mayar da ita MP3 a 128 kbps (kbps shi ne yawan datar da kowace daƙiƙa ke ɗauka) za ta dawo kusan MB 58, a 64 kbps kuma kusan 29. Tunda hira ce zalla babu kiɗa, ka yi mono a 64 ko 96, masu sauraronka ba za su ji bambanci ba sai a datarsu. Opus, wata hanyar rage nauyin fayil wadda aka daidaita a 2012 kuma ita WhatsApp ke naɗe saƙon murya da ita, ta fi MP3 tsabta in an matse sosai. Sai dai ba kowace manhajar fodkas ke karɓarta ba, shi ya sa har yau ban rabu da MP3 ba.

Roƙona ɗaya: kada ka goge WAV ɗin asali, kuma kada ka gyara MP3 ka sake fitar da shi MP3. Kowane zagaye yana yagar wani abu daga muryar, har ta koma kamar ana magana a cikin ruwa. Na ji alamar haka a ƙarshen kashi na biyu, ko na yi ƙarya?

Turo mini minti biyar na farkon kashi na huɗu a WAV. Zan bi da shi ta Audacity da Auphonic, in maido maka duka biyun ba tare da na gaya maka wanne ne wanne ba, ka zaɓa da kunnenka.

Ka gaida mutanen gida da yara.

Naka,
Abokinka